Akwatin da Aka Kawo wa Inna

Ban taɓa ganin ubana ba. Ina da wata shida a cikin Inna aka kawo akwatinsa Damagaram a bayan motar soja, a ƙarshen zamanin Nasara, ana gab da ba mu ƙasarmu. Da aka haife ni aka mayar mini da sunansa, shi ya sa har na yi furfura Inna ba ta kira sunana ba. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, ko da ya mutu, ko da ta sake aure ta haifi wasu 'ya'yan. "Kai wannan" take ce mini, in kuwa ta tashi da fara'a ta ce "mai suna".

A filin jirgin soja ubana yake aiki. Kada wani ya ɗauka matuƙi ne, baƙin mutum bai isa ya leƙa wannan kujera ba a lokacin. Shi ne mai ɗura mai daga duro, mai shafa giris, mai miƙa wa makanikin Bature ƙarfen da ya nema. In za su arewa sukan tafi da shi, don filayen can babu komai sai duro da tuta. Inna ta ce kullum rigarsa baƙa ƙirin take dawowa, sai ta jiƙa ta da toka kafin sabulu ya kama ta. Yakan ce mata jirgin nasu ragowar yaƙi ne, injin hagu tari yake kamar tsohon mashayin taba, ya faɗa wa babban makanikin har ya gaji. Yana dariya yake faɗa, ita ma tana dariya. Ba ta fi shekara ashirin ba a lokacin.

Abin da ya faru ranar da aka kawo akwatin daga bakin Baffa na ji shi, ƙanen ubana, wanda ya riƙe ni. Akwati ne na katako, dogo, gefe da gefe duk ɗaya, an buga masa ƙusa ta ko'ina an shafe shi da kwalta. Babu rubutu, babu alama. Wani Bature ya rako shi, da sojoji biyu da tafinta. Tafinta ya ce jirgi ya faɗi a duwatsun arewa, babu wanda ya fita, ga gawa, amma kumandan ya hana a buɗe. Liman ya ce wanka fa? An hana. Likkafani fa? An hana. Likkafanin da aka riga aka ɗinka sai aka naɗa wa katako, aka jera sahu aka yi salla.

A maƙabarta aka yi cirko-cirko. Kabarinmu a tsuke ake haƙa cikinsa, daidai jikin mutum a kwance bisa gefe, don haka sai da aka sake sa fartanya aka faɗaɗa. Wannan mai sauƙi ne. A wajenmu kan mamaci kudu yake, a kwantar da shi bisa hannun dama, fuskarsa gabas, tana duban alƙibla. To ina kai a jikin wannan katako, ina ƙafa? Ina ma samansa, ina ƙasansa? Aka tambayi Baturen ta bakin tafinta, ya ɗaga kafaɗa ya duba agogo. Wani dattijo ya ce a ɗaga kowane ɓangare a ji, inda ya fi nauyi nan ne ƙirji da kai. Baffa ya ɗaga. Ya ce sai ya ji wani abu ya gangara a ciki, shuu, nauyin ya koma ɗaya gefen. Ya zagaya ya ɗaga can, ya sake jin shuu, nauyin ya dawo. Ya ɗauka wuta ce ta mayar da wansa toka. Liman ya ce a saka shi haka, Allah ya san bawansa.

Mata ba sa zuwa maƙabarta, amma magana tana zuwa gida da ƙafarta. Inna tana cikin takaba wata mai dogon baki ta kai mata. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta zauna mata: ina ya fuskanta? Ba ta tambayar dalilin faɗuwar jirgin, ba ta tambayar ko ya sha wahala. Tsoronta kada a ce mijinta, mutumin da ke shimfiɗa kwali a gindin fiffike ya yi azahar, yana kwance ya ba alƙibla baya har tashin ƙiyama. Malamai sun gaya mata ba laifinsa ba ne, ba a kama bawa da abin da ba ya hannunsa. Takan ce ta sani, ta gode. Bayan kwana biyu ta sake tambayar wani malamin.

Ni kuwa kowace Salla Baffa yakan kama hannuna mu je kabarin. Ya nuna mini inda zan tsaya, ya ce nan muke zaton kansa yake. Na yi sallama, na yi addu'a, na gaya masa na ci jarrabawa, daga baya na gaya masa zan yi aure, na gaya masa zan tafi Faransa.

Shekara kusan arba'in ke nan ina ƙasar nan. Na fara da ɗakin mutum shida a Montreuil, na ƙare da gida a Sevran, duk a gefen Paris, da ɗan shagon da nake tara kayan mota na hannu ina aikawa gida. Na iya layi a ofishin takardun baƙi na Bobigny, na iya cewa na gode wa wanda ya wulaƙanta ni ta bayan gilashi. A duk shekarun nan ban taɓa buɗe baki na tambayi kowa maganar ubana ba. Ina neman takardar zama, ina neman na makarantar yara, kuma gaskiya ina tsoron tayar da abin da zai sa a tuna da ni. In na ce fushina duk na Nasara ne na yi ƙarya, akwai rabona a ciki.

Shekarar da ƙafafun Inna suka kumbura ta daina fita tsakar gida, ƙanwata ta kira ni wata Juma'a bayan masallaci ta sa mata wayar a kunne. Muka gaisa gajere, numfashinta ba ya kai doguwar gaisuwa.

"Kai wannan, shekara nawa kana ƙasarsu?"

Na faɗa mata.

"Kuma ba ka samu ko ɗaya ba da za ka tambaya? Su suka rufe akwatin ga. Wani ya san inda ya sa kan. Ni na kusa, ka ji. Ba ni son in tafi ban sani ba."

Na ajiye waya na zauna bisa wata tsohuwar taya a shago, kunya ta rufe ni.

Babbar 'yata ma'aikaciyar jinya ce, a nan aka haife ta, Hausarta rabi Faransanci ce, kuma ba ta jin tsoron gilashin kowa. Ita ta gano inda ake ajiye tsofaffin takardun soja, wani tsohon gini a gabashin Paris, ta rubuta, aka ba mu rana bayan mako bakwai. Mako bakwai ina kiran ƙanwata kowace safiya ina tambaya ko Inna ta sha kunu.

Ranar muka shiga ɗakin karatu, aka karɓe mana biro aka ba mu fensir. Wata mata mai tabarau a wuya ta turo kwali a kan 'yar kura, da ladabi ƙwarai, ta ce mu juya takardun a hankali don sun tsufa. Takarda ake lallaɓawa haka.

Turawa uku ne a jirgin. Kowannensu da sunansa, da garinsu, da sunan uwa da uba. An rubuta abin da aka samu a jikin kowa aka mayar wa iyalinsa: agogon wannan, zoben wancan, har da wani ɗan kwalin hotuna da ya ƙone ta gefe. Akwai kwafin wasiƙun ta'aziyya da aka aika wa matansu, masu daɗin karatu. Sai shafin kaya: duron mai, buhunan siminti, akwatunan giya na barikin arewa, kowanne da nauyinsa. A ƙasan wannan shafin, bayan giya, aka sa 'yan ƙasa huɗu. Ba suna, ba gari. An kiyasta nauyinsu gaba ɗaya an haɗa da na siminti.

Na ce wa 'yata ta sake karanta mini, ko idona ne. Ta karanta. Na tambayi inda suka zauna, tun da kujera uku aka ambata. Ta bi layin da fensir ta ce a kan kaya. Babu ɗamara, babu abin riƙewa, bisa buhun siminti ubana ya hau sama. Rahoton ya ce kaya sun ɗan haura ƙa'ida, kamar yadda aka saba. Rediyon jirgin ya yi shiru tun da hantsi, ba wanda ya damu sai yamma, don ya saba yin shiru. Kwana biyar ana nema, domin in jirgi ya ɓace a wancan zamani sai dai wani jirgin ya tashi a leƙa ta taga. Maganar injin hagu ba ta fito ko sau ɗaya ba. An rufe da cewa ba a gano dalili ba.

Ban san na ɗaga murya ba sai da na ga kawuna sun juyo. Da Hausa nake yi, ina buga tebur da yatsa, ina cewa mutum huɗu, masu uwa da uba, a ƙarƙashin giya.

"Baba, doucement, a hankali, za su fitar da mu," in ji 'yata, ta riƙe mini hannu.

Matar mai tabarau ta zo ta ce ta fahimci abin da zafi, amma wani zamani ne. Na ce mata uwata tana nan da rai, zamaninta bai wuce ba tukuna. Ba ita ta rubuta ba, na sani, amma ita ce a gabana.

Maganar akwati layi ɗaya ce: an mayar da gawarwakin 'yan ƙasa ga iyalansu. A jirgin ƙasa na komawa Sevran na yi ta juya waya a hannuna. Da me zan kira Inna? In ce mata an auna mijinta da siminti?

'Yata ba ta haƙura ba. Akwai wani dandali a intanet inda tsofaffin sojojin sama da jikokinsu ke liƙa hotunan jirage suna yabon ƙuruciyarsu. Ta rubuta a can, ta faɗi wurin da lokacin, ta ce kakanta yana ciki. Aka yi wata guda shiru. Sai wata mata daga Lyon ta amsa, ta ce mahaifinta yana cikin waɗanda aka tura wurin da jirgin ya faɗi, ya kusa casa'in, kuma tun da ta karanta masa saƙon bai ci abincin kirki ba. Ya ce mu zo.

Muka hau jirgin ƙasa na safe. Sa'a biyu ne kawai tsakanin Paris da Lyon. Na yi ta lissafa wannan a raina: shekara arba'in amsar tana zaune sa'a biyu daga shagona, tana shan kofi.

Gidan yana kan tudu, hawa na huɗu, babu na'urar hawa, na iso ina haki ina ƙara jin haushi. Na shirya ganin wani ƙaton kumandan mai jan wuya. Sai na tarar da ɗan tsoho ƙanƙani cikin rigar sanyi, ya sa taye saboda mu. 'Yarsa ta kawo kofi da biskit. Ban taɓa ba.

Ya ce shekararsa ashirin a lokacin, aikin soja na dole ya kai shi ƙasarmu, kafinta ne shi a garinsu. Da aka hango tarkacen jirgin aka tura su da mota biyu, da katako da ƙusa. Kwana biyu suna hanya. Ya fara ba ni labarin zafi da ƙishirwa da tayar da ta fashe. Na katse shi.

"Ba wahalarka ta kawo ni ba. Kai ka rufe akwatunan?"

"Ni ne."

"To ina ka sa kan? Uwata ke tambaya."

Ya dubi 'yarsa, ya dubi 'yata, ya rasa inda zai sa idonsa. Sannan ya ce babu kai a ciki. Yashi ne.

Ga yadda ya faɗa. Da suka isa sun tarar Buzaye masu raƙuma sun riga su da kwana shida, hayaƙi suka gani suka bi. Buzayen sun jera Turawan uku a inuwar dutse sun rufe su da ƙaya da duwatsu saboda kura da ungulu, suna jiran masu su. Baƙaƙen huɗu kuwa, da suka ga layu a damtsensu da carbi a aljihun ɗaya, sun san nasu ne, suka binne su a ranar. Hafsan da ya jagoranci tafiyar ya riga ya karɓi umarni ya dawo da akwati bakwai. Ya so a tone, Buzayen suka zauna a bakin kaburburan da takubbansu bisa cinya. Ya ƙirga su, ya ƙirga nasa mutanen, ya fasa. Sai ya ce wa kafinta ya haɗa bakwai ɗin, a zuba yashi a huɗu daidai nauyin mutum, a shafe da kwalta, ba mai buɗewa. Wai iyalan za su fi samun kwanciyar rai in sun ga an kawo musu wani abu.

"Na yi ta ɗagawa ina gwadawa," in ji tsohon, "kada ya yi nauyi da yawa."

Shuu ɗin da Baffa ya ji ke nan. Baffa ya mutu yana ganin wansa toka a mafarki. Na tuna kaina ina ɗan shekara bakwai da sabuwar riga, ina yi wa yashi sallama. Na tuna ina gaya wa yashi zan yi aure. Na miƙe tsaye, ban san me zan yi da tsayuwar ba, kofin da ban sha ba ya kife bisa tebur. Na ce masa kwanciyar rai? Shekara sittin da wani abu mace tana juyi a shimfiɗa saboda katakonka. Da kun aiko tafinta ya ce Musulmi sun binne shi a jeji, da an yi salla an yi sadaka an haƙura, haka ake yi wa duk wanda ya mutu a hanyar fatauci tun kakanni. Ba ku tambayi kowa ba. Kun zauna kun yanke abin da zai kwantar mana da rai, kamar mu awaki ne da za a jefa wa dusa. Rabi da Faransanci na faɗa, rabi da Hausa, 'yata ba ta fassara ba, ba ta kuma ce mini doucement ba.

Bai kare kansa ba, wannan ma ya ƙara ba ni haushi, don faɗa nake nema. Ya ce ya yi tunanin rubutawa, bai san suna ko ɗaya ba, bai san wa zai aika wa ba. Na ce ka nema? Ya ce a'a.

'Yata ce ta dawo da ni kan abin da ya kawo mu. Ta ce, "Baba, tambayar Inna." Na zauna. Na ce masa kaburburan, yaya suke kwance?

Ya aiki 'yarsa ta ɗauko wani gwangwanin biskit, ya fito da ɗan hoto mai baƙi da fari, bai kai tafin hannu ba. Samari uku ne tsaye a gaban karyayyen fiffike, ɗaya har da murmushi. A bayansu, can gefe, ga tudu huɗu a jere, an kewaye kowanne da duwatsu, duk sun miƙe hanya ɗaya. Ba don su aka ɗauki hoton ba, shiga suka yi.

Na ce rana ta ina take fitowa? Ya rufe ido, ya ce da safe in ya tsaya a gefen kaburburan inda aka ɗauki hoton, rana tana bayansa, inuwarsa tana hawa kansu a gicciye. Sannan ya ce akwai abin da bai manta ba. Ya tambayi babban Buzayen da hannu me ya sa duk suka kalli wuri ɗaya. Dattijon ya karkata ya ɗora kuncinsa na dama bisa tafinsa, ya miƙa ɗaya hannun wajen fitowar rana. Tsohon ya gwada mini a kujerarsa, da tayensa, kunci bisa tafin dama, yatsa ya nufi taga. Bai san ma'anar abin ba har ranar. Shekara sittin yana riƙe da amsar Inna bai san amsa ba ce.

Ya ce Buzayen ba su da ruwa da yawa, amma ya ga alamar sun yage rawunansu, don da yawansu kansu a buɗe yake, abin da aka ce masa Buzu ba ya yi. Na gane da me aka yi likkafani.

Da za mu fita ya miƙo mini hoton, na karɓa. Ya miƙo hannu, ya ce in yafe masa. Na bar hannun a iska. Na ce ba ni aka fi yi wa ba, zan kai wa mai abin.

A bakin kogi muka zauna, la'asar ta yi, mutane suna wucewa da kekuna da karnuka. Na kira ƙanwata na ce ta sa wa Inna a kunne, ta kuma fitar da yara daga ɗakin. Na faɗa mata duka, ban rage ba, har giya da siminti. Na yi zaton yashin zai kayar da ita. Ko ta kansa ba ta bi ba.

"Bisa dama?"

"Bisa dama, Inna."

"Gabas?"

"Gabas. Na ga hoto, mutumin kuma ya gwada mini yadda Buzun ya nuna mishi."

"Sun yi mishi salla?"

"Mutanen da suka yage rawaninsu, Inna, ba su barin salla."

Na ji numfashinta yana fita a hankali, dogo, har na tsorata na kira ƙanwata. Sai na ji muryarta, ta ce Allah ya saka wa Buzayen nan, Allah ya ba raƙumansu ruwa, su da jikokinsu. Sannan ta ce Allah ya jiƙan wane, ta faɗi sunan, cikakke, da na ubansa. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba sai ranar. Na juya wa 'yata baya ina kallon ruwa.

Na ce mata kafintan yana neman gafara.

"Yaro ne aka sa shi. Ka ce mishi yashin na yafe. Shirun da ya yi, wannan ya bari sai mun haɗu can."

Haka na sa 'yata ta rubuta wa 'yarsa, ba ƙari ba ragi. Ni ban yafe ko yashin ba, kuma ba na jin zan yafe. Har yau in na ga jirgi ya taso daga filin da ke kusa da mu ya bi ta kan Sevran, da fitilunsa da na'urorinsa da akwatin da ke naɗar kowace kalmar matuƙi, sai in ji ɗaci a bakina. An koyi ƙirga nauyi, an koyi ɗaura wa kowa ɗamara, kuma a kan irin su ubana aka koya, waɗanda ko sunansu ba a rubuta ba. Na aika wa gidan takardun nan wasiƙa da sunansa da na garinsu, na ce a sa a cikin kwalin. Sun amsa da ladabi cewa ba a ƙara komai a tsohon kundi. Sauran ukun kuwa har yau ban san 'ya'yan wane ne ba, wataƙila wani yana can yana yi wa yashi sallama.

Inna ta ƙara wata huɗu. Ƙanwata ta ce a watannin nan barci take kamar jaririya, har ta koma tsokanar jikoki. Na samu isa kwana biyu kafin ta cika. A maƙabarta mai haƙa ya nuna mini tsohon tudun da Baffa yake kai ni, ya ce ko zan tsaya in gaida mahaifina tukuna. Na ce masa babu kowa a nan, ya dube ni kamar na taɓu.

Ni na shiga kabarinta, ni da ƙanena. Aka miƙo mana ita daga makara, ba nauyi. Na sa kanta kudu, na kwantar da ita bisa dama, na sa hannu ta cikin likkafani na tallafi kuncinta na juya fuskar gabas. Aka fara miƙo itace za a rufe. Na ce a dakata, na sake durƙusawa na taɓa, na tabbatar.